Kabarin Aro na Bu Warniti

Ni ce mai wankan gawar mata a unguwar Kemuning, shekara goma sha shida ke nan. Aikin ya sa bakina ba shi da zaƙi, na sani, kuma ba na neman afuwar kowa a kan haka. Amma Pak Darsun, wanda ƙofar gidansa ke kallon tawa, yana cikin 'yan tsirarun mutanen da ban taɓa iya yi wa faɗa har ƙarshe ba. Pak muke ce wa namiji babba don girmamawa, mace kuma Bu. Sai in fara, in ga ya sunkuyar da kai yana gyara gilashinsa mai ɗaurin zare, sai faɗan ya mutu a bakina.

Ɗan Tirangsari ne, wani ƙauye a bakin tekun arewacin Jawa, inda mahaifinsa ke kiwon kifi a tafkuna. Yana ɗan shekara goma sha tara ya hau jirgin ƙasa zuwa Jakarta, ya samu aiki a masana'antar taya, ya yi shekara talatin da ɗaya a gaban inji guda. Har yau idan ya yi gumi warin roba ne ke tashi. Ya koma gida ya auro Warniti, 'yar maƙwabtansu, suka kama ɗaki ɗaya a gefen layin dogo. A nan suka haifi 'yarsu tilo, Sulasih, wadda yanzu take Taiwan tana jinyar wata tsohuwa. Shekara goma sha huɗu jirgi na girgiza musu kwanuka kafin su samu gida a Kemuning.

A lokacin Kemuning gonakin shinkafa ce da aka cike da jar ƙasa, can gefen birni ta gabas, inda motar haya ke juyawa ta koma. Kamfanin da ya gina gidajen ya ba kowane mai saye 'yar taswira. Gidaje ja, makaranta rawaya, ɗakin shan magani shuɗi, masallaci fari. A kusurwar arewa kuma wani fili kore, an rubuta masa maƙabarta. Mu sauran mun naɗe gyaɗa da tamu, ko yara sun yaga. Pak Darsun ya sa tasa a leda ya ajiye cikin Alƙur'ani. Irin mutumin ke nan. Shi kaɗai ya san inda kowace kwata ke bi da inda take toshewa, don haka da aka tashi zaɓen mai unguwa ba a ko yi gardama ba.

A shekararmu ta huɗu kamfanin ya aiko wani mutum mai laushin murya. Ya ce suna so su mayar da koren filin jerin shaguna, su yi mana filin badiminton a gefe, rabonmu na maƙabarta kuma su bayar a wani wuri, in mazauna sun yarda. Aka haɗu ranar Lahadi da hantsi, bayan aikin gayya na yashe kwatoci. Aka shimfiɗa tabarmi a gaban masallaci, ga soyayyar ayaba, ga shayi.

Pak Sugeng, wanda gidansa ke jikin filin, shi ya fara. "Ni dai ku gaya min, wa zai so ya buɗe taga da safe ya yi ido huɗu da kabari?"

"Kai da ka saba buɗe ido ka ga surukarka, kabari ne zai ba ka tsoro?" wani ya jefo daga baya. Aka kwashe da dariya.

Sai wani direban babbar mota ya ce, "Jama'a, mu fa baƙi ne a nan. Neman abinci ya kawo mu. Wanda ya mutu a kai shi garinsu ya kwanta kusa da uwarsa. Wa zai yarda a binne shi a gonar mutane?"

Wannan maganar ita ta cuce mu, kuma ba da mugunta aka faɗe ta ba. Haka muka ɗauki kanmu. Duk Sallah unguwar nan kulle ta ake yi, kowa ya tafi gida, sai kuliyoyi. Babba a cikinmu bai kai hamsin ba. Mutuwa a lokacin abu ne da ke faruwa a ƙauye, a kira ka a waya.

Mu ba ma ƙidaya hannu a taro. Magana ake yi har sai an rasa mai cewa a'a, sannan mai unguwa ya sa hannu a madadin kowa. Pak Darsun ya ciro taswirarsa daga leda ya ce, a hankali, "Amma fa a nan kore ne."

"To ai filin wasan ma koren fenti za a shafa masa, Pak," in ji Sugeng.

Aka sake dariya. Ya waiwaya wajen mata ya dubi Warniti, ta ɗaga kafaɗa. Ya sa hannu. Ina wurin, kuma har tafi na yi, Allah ya yafe min.

A wannan shekarar muka gina katanga tsakaninmu da Rawa Kepu, tsohon ƙauyen da muka zauna a kan gonakinsa. Wai ɓarayi. Aka bar wata 'yar ƙofar ƙarfe da mutum ɗaya ke bi, ana kulle ta da magariba. A bakin ƙofar, ta ɓangarensu, Mpok Rohaye, wato Yaya Rohaye a bakinsu, ke kafa teburinta na shinkafa mai kwakwa kowace safiya. Gajeruwa ce, mai murya kamar ta ɗan kamasho, kuma ita da Warniti ba su taɓa rabuwa lafiya ba.

"Mpok, wannan rabin ƙwai ne ko ƙwan ƙadangare?"

"Bu, ku mutanen katanga ba ku da kunya. Kun cinye gonar ubana, yanzu kuma ƙwai ya yi muku kaɗan?"

"Ƙara yaji dai, ki daina wa'azi."

Haka kullum. Babu wadda ta taɓa taka gidan ɗaya, kuma Warniti ba ta taɓa sayen ta wani ba.

Shekaru suka ja, birni ya zo ya same mu ya wuce. Makarantar ta cika ta batse, ɗakin shan maganin ya zama wajen gyaran babur. Mu kuma muka fara mutuwa. Nakan wanke, in ƙara kafur saboda tafiya, motar asibiti ta ɗauka, awa takwas ko goma zuwa garin mamaci. Tsarin yana tafiya ga duk wanda garinsu ke nan.

Tirangsari kuwa teku na cin ta a hankali. Tafkunan kifi suka fara tafiya, sai hanya, sai mutane suka riƙa ɗaga daɓen ɗaki har kai ya kusa taɓa rufi, daga baya suka watse. Shekara shida da suka wuce, gab da azumi, Pak Darsun da matarsa suka tafi ziyarar kabarin iyaye da kwandon furanni kamar yadda aka saba. A kwalekwale aka kai su. Mai tuƙin ya nuna da filafili ya ce wajen iyayensu tsakanin wancan kututturen ne da waccan sandar. Warniti ta zuba furanninta a kan ruwa. Da suka dawo kwana uku ba ta fito ba. A na huɗu ta tsaya a ƙofata da tsintsiya a hannu ta ce, "Tum, ke kike wanka. Wanda ba shi da gari, in kin gama, ina kike kai shi?" Na ce ta daina ɗauko abin da bai zo ba.

Ciwon ƙoda ya kama ta bayan shekara biyu. Sau biyu a mako yana ɗaure ta a bayansa da zani a kan babur ya kai ta wankin ƙoda a asibiti. Bara likita ya ce zuciyarta ba ta ɗaukar wankin kuma, su koma gida su yi haƙuri. Ina murza mata ƙafa ranar da ta yi maganar, don haka ba labari aka ba ni ba.

"Mas," ta ce wa mijinta, yadda ta saba kiransa, "ban taɓa roƙonka gwal ba, ko na taɓa?"

"Ba ki taɓa ba."

"To abu ɗaya. Kada ka sa ni a ruwa. Kuma a inda za ka iya zuwa da ƙafarka, don na san ka, babur ɗin nan ya kusa fin ƙarfinka."

"Ki daina irin wannan maganar, Bu."

"Ka ce to."

Ya cire gilashinsa ya daɗe yana gogewa. "To."

Daga ranar mutumin nan bai sake zama ba. Ya je maƙabartar gwamnati mafi kusa, aka ce ta cika tun da daɗewa, sai ɗori, wato a buɗe tsohon kabarin ɗan'uwanka a kwantar da kai a samansa. Wanda ba shi da kowa a ciki ba shi da shiga. Ya je ta biyu da ta uku, magana ɗaya. Akwai wata mai lambu da maɓuɓɓuga ta manyan mutane, ya dubi ƙofarta ya juyo da babur ɗinsa. Sai ya tuna alkawarin kamfani, ya ɗauki ledarsa ya tafi ofishin tsara gari. Zuwa uku ya yi kafin wata ma'aikaciya mai kirki ta tono masa fayil. Kamfanin bai yi ƙarya ba, ya ba da filin. Ta nuna masa takardar yarjewar mazauna, ya ga sa hannunsa na ƙuruciya, mai lanƙwasa a ƙarshe.

Na bi shi ganin filin, don ba na son ya tafi shi kaɗai. Jirgi muka hau har tashar ƙarshe, sannan acaɓa, sannan ƙafa. Fili ne shimfiɗaɗɗe a gefen rafi, ciyawa har ƙugu, da allo mai tsatsa an rubuta sunan unguwarmu. Ya ari fartanya wajen wani manomi ya fara haƙa. Ramin bai kai gwiwa ba ƙasa ta fara gumi. Kafin ya kai cinya ruwa ya taru, baƙi, mai wari. Ya matsa gaba ya haƙa wani. Ya je can ƙarshen filin inda ya ɗan tudu ya haƙa na uku. Duk ɗaya.

Manomin na tsaye yana zuƙar taba. Ya ce, "Da damina har ƙirji yake kawowa, Pak. Kifi za ku zuba?"

Pak Darsun ya zauna daɓas a cikin taɓo, tsoho ɗan shekara sittin da shida, ya rungume fartanyar mutane. Bai yi kuka ba, da ya yi ma da ya fi min sauƙi. Raina ya ɓaci har na rasa wanda zan zaga, kamfani ko Sugeng ko tafin da na yi da hannuna. A jirgi ya ce, "Bu Tum, kada ki gaya mata."

Da muka shiga ɗaki ya ce mata fili ne mai kyau, ga iska. Ta dubi ƙafar wandonsa ta ce, "Jar ƙasa ce ko baƙa?" Ya sunkuyar da kai. 'Yar masu tafkin kifi ce, ta san taɓo tun kafin ta san karatu. Ta juya fuskarta bango.

Ya kira taro a kan a karɓo filin badiminton a mayar da shi abin da aka nufe shi da farko. Aka zo, yanzu duk furfura. Babu wanda ya yi dariya wannan karon. Amma shaguna sun kewaye wurin, gidaje sun hau sama, kuma an ce hukuma ba za ta yarda da kabari a tsakiyar rijiyoyin mutane ba. Sugeng, wanda shanyewar ɓarin jiki ta karkata wa baki, ya kama hannunsa ya ce, "Da za mu iya, Pak." Aka watse, ayabar ma ba a taɓa ba.

Saura wuri ɗaya. Bayan katangarmu, tafiyar minti biyar daga 'yar ƙofar, akwai maƙabartar waƙafi ta Rawa Kepu, a kan tudu, ƙarƙashin itatuwa, jar ƙasa busasshiya. Mai kula da ita Haji Marjuki ne. Ba mugu ba ne, kada a ce na ce. Ya ba Pak Darsun kujera da kofi, ya saurare shi har ya gama.

"Pak Darsun, kakana ya ba da filin nan lokacin muna gida arba'in. Yau mu kanmu ɗori muke yi, har mutum uku a rami. Bayan katangarku gida dubu biyu ne. In na buɗe maka, gobe me zan ce wa na biyu? Kuna da naku filin, da idona na ga an kafa masa turaku. Ina yake?"

"Ni na sa hannu, Pak Haji."

"To ka gani."

Sau bakwai ya koma. A na ƙarshe ya durƙusa, Haji Marjuki ya ɗaga shi da hannu biyu yana cewa ya ji tsoron Allah ya daina, amma amsar ba ta canza ba.

Warniti ta cika ranar Alhamis bayan sallar asuba. A wajenmu wanda ya rasu da safe ba ya wuce la'asar a gida. Kafin rana ta ɗaga an kafa 'yar tuta rawaya ta alamar rasuwa a bakin layi, an ja rumfa, an jera kujeru. Duk wanda ya shigo ya yi ta'aziyya sai ya rage murya ya ce, "Ina za a kai ta?" Sabon mai unguwa ya yi ta buga waya har batirinsa ya mutu. Wajen ƙarfe goma liman ya ce babu yadda za a yi, a kira mota, a kai ta filin unguwa na bakin rafi, a zuba yashi da alluna a ƙasan ramin, Allah ya san larura. Motar ta zo ta tsaya a bakin layi. Pak Darsun ya dube ta, ya dube ni. Ya sa silifa ya nufi katanga.

Wankan mace ba ya ɗauke ni awa guda. Ranar na ce ruwan bai isa ba, a ƙaro. Da aka ƙaro na ce ganyen magaryar ya bushe da yawa, a nemo ɗanye, alhali ina da shi a jaka. Na wanke sau uku, na ce biyar, na ce bakwai. Na tsefe mata kai a hankali kamar mai shirin kitso. Na ce an yanka likkafanin a karkace, a sake. Matar liman da ke zuba min ruwa ta matso ta ce, "Bu Tum, gaggawa fa ake so da gawa."

"Na sani. Ke za ki koya min?"

Na san laifi nake yi. Duk lokacin da direba ya danna ham sai in sunkuya kunnen Warniti in ce ta yi haƙuri, ta ɗan ƙara jira. Azahar ta yi ban ɗaure likkafani ba.

Abin da ya faru a bayan katanga daga baya na ji shi, daga bakin mutum fiye da biyar, kuma bai saɓa ba. Pak Darsun ya je ƙofar Haji Marjuki ya zauna a ƙasa. Bai roƙa ba, ya riga ya gama roƙo. Zama kawai ya yi cikin rana, mutane suka fara taruwa. Mpok Rohaye ta ga tutar tun safe, kuma wata uku ke nan ba wanda ya zagi ƙwanta. Ta bar teburinta ta zo da ludayi a hannu. Ta girmi Haji Marjuki, ita ta goya shi, don haka ba ta ce masa Haji.

"Juki, kabarin innata shekararsa nawa?"

"Goma sha ɗaya, Mpok."

"Samansa wurin wa ne?"

"Naki ne. Kowa ya sani."

"To na ba da aro."

"Haba Mpok. Ɗori na jini ne. Matar nan me ta haɗa da ke?"

"Shekara goma sha tara kullum safiya tana zuwa ta ci min mutunci a kan rabin ƙwai. Cikin 'yan'uwana wa ya taɓa zuwa wajena kwana bakwai a jere? Wuri nawa ne, uwa tawa ce, Inna kuma ba ta taɓa korar baƙo ba."

Haji Marjuki ya share gumi. "Kin san ƙa'ida. In an rufe yau, ba a sake buɗewa sai bayan shekara uku. Shekararki saba'in da ɗaya, ga hawan jini. In Allah ya yi ikonsa a tsakani, ba ni da inda zan sa ki. Wallahi ba ni da shi. Bakin rafin da suke gudu can za a kai ki."

Suka ce an zaci za ta fasa. Ta dubi ludayinta, ta dubi mutumin da ke zaune a ƙasa. Sannan ta ce, "To sai in yi ƙoƙari."

Ƙannenta maza biyu suka tashi da faɗa, ɗaya har yana cewa ta haukace. Aka yi ta kai-komo. Daga ƙarshe suka yarda bisa sharaɗi ɗaya: ba za a rubuta suna ba. Allon zai zauna yadda yake, da sunan innarsu kaɗai, don in aka ga sunan 'yar Kemuning a wurin gobe unguwar gaba ɗaya za ta yi layi. Haji Marjuki ya juya zai yi wa Pak Darsun bayani, bai ko ƙarasa ba.

"Na yarda. Ku ce ma ba a binne kowa ba. In dai busasshiya ce."

Ina cikin ɗaure igiyar ƙarshe, don dabarata ta ƙare, sai na ji layi ya ruɗe, na ji motar ta tashi ta tafi ba kowa. Na zauna a jiƙaƙƙen daɓe.

Makarar ba ta shiga 'yar ƙofar ba. Sai da maza suka ɓalle ƙyauren daga jikin katanga, na ciki suka miƙa, 'yan Rawa Kepu suka karɓa ta waje. Mai haƙa ya tattara abin da ya rage na tsohuwar a farin ƙyalle ya kwantar a gefe da girmamawa. Pak Darsun da kansa ya sauka ramin, duk da an hana shi. Kafin ya karɓi matarsa ya shafa ƙasan da tafin hannu, ya shafa bangon, ya ɗago hannun ya duba. Wata maƙwabciya na riƙe da waya sama don Sulasih ta gani daga Taiwan, muna jin kukanta yana yankewa yana dawowa. Ana kiran la'asar aka gama rufewa.

Shekara ɗaya da wata biyu ke nan. Kullum bayan asuba yana fita da ƙafa, ya bi ta ƙofar, ya zauna gaban allon da aka rubuta Masenah binti Jiun, ya yi wa mata biyu addu'a. Daga nan ya wuce gidan Mpok Rohaye ya ɗauko mata tukunya, don ya hana ta ɗaga abu mai nauyi. Ya ɓoye mata gishiri, ya bi ta da ƙwayar hawan jini, in ta yi tari sau biyu fuskarsa ta canza. Tana zaginsa a gaban masu saye, tana cewa ta yi aron kabari ta samo ɗan sanda. Makon jiya ta zame a bakin rijiya, ba ta ji ciwo ba, amma shi sai da aka ba shi ruwa.

Ramin uku yake ɗauka: tsohuwar, Warniti, sai mai wurin. Bai taɓa tambayar kowa inda za a sa shi ba, ni ma ban taɓa ɗauko zancen ba. Shekaranjiya da yamma ina shara ya tsallako ya tsaya a ƙofata, yana murza gilashinsa.

"Bu Tum, na san abin da kika yi ranar. Matar liman ta gaya min, wai ƙara ta kawo."

Na ce, "Sai me? In za ka yi min wa'azi ka koma gidanka."

"A'a. Ke kin san masu wankan maza, suna jin maganarki." Ya mayar da gilashin, ya dubi ƙasa. "In nawa ya zo, ki ce musu kada su yi sauri. Su bar mutane su ɗan nema."